Abin da Likita Ta Gani a Ƙuryar Idona

Na ɗauka albasa ce.
Wanda ya shekara talatin yana cika buhu a Aliero
ba ya kai ƙarar ido don ya yi ruwa.
Amma wannan ba ruwa ba ne,
wani jan zare ne ya rataya a idon hagu.
In na dubi buhu, yana kan buhu,
in na dubi liman, ya sauka a kan rawaninsa.

A Birnin Kebbi likita ta ɗiga mini magani,
ta ce in jira ƙwayar ta buɗe.
Na zauna a benci, duniya ta yi fari fat.
Sannan ta haska fitila, ta leƙa
kamar mai neman guga a rijiya.
Ta daɗe.
Ta ce, "Malam Nomau, can ƙurya, inda hoto ke sauka,
jijiyoyin jini sun yi curi kamar nonon inabi,
ɗaya ce ta ɗan tsiyaya."
Na ce to a share mini.
Ta ajiye fitila, ta ce,
"A gidanku akwai mai faɗuwa?"

Wa ya aike ta gidanmu?

Baba Arzika ya faɗi a fadama ranar dashe,
baki na kumfa, hannu riƙe da iri.
Aka ce ya taka sawun mutanen ɓoye.
Muka sayar da bijimi, muka cika ɗaki da hayaƙi.
Gwaggo Tumba ta kwanta da ciwon kai,
ta tashi rabin jikinta ba nata ba.
Aka ce jifa ne,
muka daina gaida Maiwada na bayan katanga
shekara goma sha ɗaya,
har ya rasu ba mu yafe masa abin da bai yi ba.

A Sakkwato suka zura ni cikin na'ura
mai ƙara kamar injin niƙa.
Hoton ya fito: ɗigo huɗu a ƙwaƙwalwa.
Na san irin wannan.
Albasa ce mai ƙyalli a ɓawo,
sai ka yanka ka ga inda ta yi duhu.

Suka ce saƙa ɗaya ce, ta ido da ta kai,
jini ke ɗauko ta daga uba ko uwa,
kowane ɗa kamar an cilla kwabo sama.
Wani zai tsufa da ita bai taɓa jin motsinta ba,
wani kuwa ta kayar da shi a tsakiyar kunya.
Ga ƙwayoyi in ta motsa. Ka dawo bayan wata shida.

Garinmu garin ɗori ne,
daga nesa ake kawo karaya a bayan mota,
a ja, a ɗaure da kara, a tashi.
Amma wa zai ɗora jijiyar da ta fi gashi siriri?

Na gaji fadamar Baba, na gaji garmarsa,
na gaji yadda yake tari kafin ya yi magana.
Wannan kaɗai ba a kira malami ya raba ba.

Daren jiya na tashe su.
Kulu ta farko, mai zura wa uwarta allura,
sai Ɗantani, sai auta da bai san sunan tsoro ba.
Na haska tocila a idanunsu ɗaya bayan ɗaya.
Ban ga inabi ba, ban ga zare ba,
wani ɗan ƙaramin mutum na gani riƙe da tocila.
Kulu ta ce, "Baba, me ka yar a ciki?"

Laraba motar Sambo za ta shiga Birni,
na kama mana wuri huɗu.
Amma kafin nan akwai ƙofar da zan tsaya.
Ɗan Maiwada yana fitowa bayan La'asar.
Na zaɓi kwando guda, manya, busassu,
ban dai san da wace kalma zan fara ba
bayan sallama.